Rana Ta Tsaya a Cikin Zunguru

Ran nan ina zaune a tsakar gidan ɗana a nan Gumel, 'yan matan gidan suka kira mai ƙunshi saboda bikin wata ƙawarsu. Ta zo da 'yar jaka a rataye, ta fito da leda da salatif da wani baƙin ruwa a kwalba, ta zana musu furanni a bayan hannu, kafin a kira la'asar har sun wanke suna ɗaukar hoto. Na ce da ita, "'Yar nan, kin san zunguru kuwa?" Ta ce ko wani sabon lalle ne da ya shigo daga Nijar. Na yi dariya har sai da na share hawaye. Na ce mata wani dogon duma ne da ake fafewa, in an shafa wa mace lalle an naɗe hannun da ganye, sai a zura shi ciki har gwiwar hannu, a toshe bakin da tsumma, ta zauna a haka har lallen ya kama. Ta ce, "Hajiya, ai wannan ɗauri ne." Na ce ɗauri ne mana, ni ma haka na gani tun ina yarinya, sai dai ni kaɗai ce na gani a lokacin.

A wani ƙauye na tashi, kusa da Gagarawa, inda rairayi yake shiga takalmi da tuwo da gashin kai. Ba mu da agogo, ba mu kuma rasa shi ba, domin aiki ne yake faɗa wa mutum inda rana ta kai. Da asuba za ka ji ƙarar guga yana dukan bakin rijiya, sai tarin dattawa suna komowa daga masallaci, sai taɓarya ta fara magana a gida ɗaya, na kusa ya amsa, har garin ya ɗauka baki ɗaya. In ka ji an daina daka an koma bakace, hantsi ya yi. In awaki suka taru a gindin katanga suna tuƙa, rana ta take. Abin da na fi tunawa shi ne ba ka ganin hannu a zaune. Babana in ya dawo daga gona ya zauna a ƙofar ɗaki, kaba ce a hannunsa yana tufka igiya, ko akwai abin ɗaurewa ko babu. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, mazari ne a hannunta tana kaɗa zare daga safe har yamma. Innata in ba ta tsintar wake, tana ɓarar gyaɗa. Iya takan ce hannun da ya zauna shiru, ko dai mai shi ba shi da lafiya, ko yana shirya wata tsiya.

Ni kuma a cikin waɗannan hannuwa nawa ne kaɗai ake kallo, don abin da yake yi ba ya cika ƙwarya. Lilo suke ce mini, saboda in na zauna sai in yi ta rausaya gaba da baya. In abu ya yi mini daɗi ko ya dame ni, sai in ɗaga yatsuna kusa da ido in yi ta karkaɗa su. Abin da na fi so duka shi ne in zauna a gindin rumbu in damƙi rairayi, in bar shi yana zubowa ta tsakanin yatsuna, in ya ƙare in sake damƙa. Na daɗe ban yi magana ba, da na fara kuma ban cika ɓarnar ta ba. Mutane sun ɗauka wasa nake, wasu suka ce iska ce ta shafe ni. Ba wanda ya tambaye ni, ko da ma an tambaya ba ni da bakin da zan bayyana a lokacin.

Yanzu da na tsufa, bakin ya samu. Tun da na san kaina, lokaci ba ya tafiya mini yadda yake tafiya wa mutane. Idan Inna ta ce, "Jira ni, yanzu zan dawo," ta ɗauki tulu ta fita, a wurina ta tafi ke nan. Akwai wani abu a jikin sauran yara da yake raɗa musu cewa an ci rabin jira, saura kaɗan. Ni ban zo da shi ba. Jiran gaba ɗaya yake faɗo mini a ka, ba farko ba ƙarshe, da kukan kaji da warin hayaƙi da ƙaiƙayin riga duk a dunƙule. Amma da zarar na fara rausaya, na damƙi rairayi, sai abin ya rarrabu. Wannan damƙa ta ƙare, ga wata ta zo, kowace tana da inda ta fara da inda ta tsaya. Malmalar tuwo ce, ba mai haɗiye ta ɗungurungum, sai loma-loma. Ta ɗaya gefen kuma, in na samu abin da ya ɗauke mini hankali, kamar ɗigar ruwa daga gindin randa, sai in ɗaga kai in ga an yi magariba, alhali ni a sanina yanzu na gama shan koko. Har yau haka nake. Abin da ya faru ina 'yar ƙanƙanuwa yana nan kusa da ni kamar jiya, amma ka tambaye ni ko yau Talata ce, sai na duba abin da ake dafawa.

Abin da ya tono mini wannan duka jikata ce, 'yar ɗan nan nawa. Ita ma tana rausaya, tana kaɗa hannu, tana kuka in an ce mata "anjima". Suka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce sunan abin otizim. A rediyo kuma na ji ana ce masa galahanga, kalmar da ban so ba ko kaɗan, don a kunnena ta fi kama da zagi. Likitan ya ce musu kada su hana ta motsin nan muddin ba ta ji wa kanta ciwo ba, wai da shi take daidaita kanta. Ɗana ya dawo ya zauna a gabana fuska a murtuke, yana neman ta inda zai fara, kamar wanda ya zo faɗin rasuwa. Na bar shi ya gama, na ce, "To madalla, ashe uwarka ma tana da suna a asibiti." Ya dube ni, ya dubi hannuna da yake ta murza bakin zane. Abin da yake ba ni dariya, duk gidan nan daga mai gida har 'yar aiki, kowa babban yatsansa yana kan waya yana shafa ta sama da ƙasa tun safe har dare, ko babu abin da yake nema, amma wai yarinyar ce mai lalura.

To, a wancan zamani babu likitan da zai ce a bar ni. Akwai dai Goggo, yayar babana, wadda take aure a Gumel. Mijinta yana fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari, saboda haka mu a ƙauye 'yar birni muke ɗaukarta. Mace ce doguwa mai tsafta, haƙoranta jajur da goro da fure, kullum za ka gan ta tana goga furen taba a haƙori tana magana ta gefen baki. Ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. In ta zo, ni take fara ba alewa, ita ce kuma ta saya mini 'yan kunne na farko. Sai dai irin mutanen nan ne da in sun ga abu a karkace, barci ba ya ɗaukarsu sai sun miƙe shi.

Ta zo ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, a shekarar da sa'o'ina suka fara ɗaukar talla. Ta same ni a gindin rumbu ina aikina. Ta tsaya a kaina ta daɗe, sannan ta wuce wurin Baba, ta zauna a bakin tabarmarsa.

"Har yanzu ba ta daina ba?" in ji ta.

"Sai a hankali, Yaya," in ji Baba, yana tufkarsa.

"Hankalin ne ai nake jiye mata. Ku yarinya kuke gani, ni budurwa nake hangowa. Wa zai kawo kayan gaisuwa gidan da yarinya take lilo kamar reshen dalbejiya? Ka ba ni ita, bayan Sallah mu tafi tare. Hannu horo yake so. Duk mako zan ƙunsa ta, in ya saba zama a zunguru zai koyi zama a cinya. Ga kyau ta samu, ga nutsuwa."

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce ai sai uban ya ce a'a. Ba a yi. Goggo in ta nemi riƙon ɗan ƙaninta ba a hana ta, balle yaya ce da ta goye shi a bayanta. Inna tana jin su daga bakin murhu, amma ni ce 'yarta ta fari, kunya ba za ta bar ta ta nuna ta damu da ni a gaban dangin miji ba. Abin da na lura kawai, faifan da take bakace da shi ya ƙara sauri. Baba ya dubi igiyarsa, ya ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu." Na ji duk abin da suka faɗa, don mutane suna mantawa cewa wanda ba ya magana yana da kunne. Ban san nisan "bayan Sallah" ba. A wurina daidai yake da an ce yanzu.

Kashegari Iya ta tafi barkar haihuwa a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, Goggo kuwa ta ce ba sai an jira Gumel ba, a fara tun yau, tun da ga ƙunshin Sallah ya zo. Kafin ranar ba a taɓa yi mini ƙunshi na sosai ba. Iya takan ɗiga mini lalle a tsakiyar tafi ta sake ni, in goge shi a bango. Aka tara mu da 'yan matan maƙwabta a inuwar ɗaki da hantsi. Har yanzu ina jin ƙamshin lallen da sanyinsa a fata. Goggo ta shafa mini da kanta, a hankali, tana ce mini 'yar gidanta. Ta naɗe ƙafafuna da ganye da tsumma, ta naɗe hannuwana, ta ɗauko zunguru biyu masu zane da ta zo da su daga Gumel, ta zura mini, ta ɗaure. Ta ce, "Ki zauna kamar kowa, anjima kaɗan za a kwance."

Sauran yaran suna ta hira suna gwada wa juna nauyin hannu. Ni na nemi yatsuna na rasa. Suna can cikin duhu a manne da juna, na aika musu su motsa, ba hanya. Na so in rausaya, Goggo ta dafa kafaɗata. Daga nan komai ya taso mini lokaci ɗaya, dariyar yaran, ƙudan da ya sauka a goshina, kukan ragon layya a turke, zafin tabarma. Na kafa ido a kan inuwar katanga ina jira ta matsa, ta ƙi. Na tabbata a raina cewa ranar ta tsaya ke nan, ba za a yi azahar ba, Iya ba za ta dawo ba, ba za a yi Sallah ba, ni kuma a haka zan tabbata da hannu a cikin duma. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a naƙudar fari. Ban san sa'ad da na rarrafa na kai ga turmi ba. Na ɗaga hannun dama na maka, na sake makawa, har zungurun ya tsage ya yanke ni a wuyan hannu. Mata suka taso suka danne ni, danniyar ta ƙara rikita ni, na yi ta ihu har muryata ta tafi. Daga baya yaran suka ce mini duk abin nan ko tukunyar wake ba ta isa nuna ba.

Da la'asar Iya ta dawo ta same ni a kwance a bayan ƙofa, an kwance hannun da ya ji ciwo, ɗayan yana ɗaure har lokacin, don Goggo ta ce in aka biye mini yau an biye mini har abada. Iya ta sunkuya ta duba ciwon. Ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, ta zare zungurun, ta wanke mini hannu, ta jawo ƙwaryar gero ta tura hannuna ciki. Ta koma gefe ta ɗauki mazarinta. Na damƙi geron na saki, na damƙa na saki, ina jin ƙarar mazarin yana juyawa, har numfashina ya dawo daidai.

"Ƙawata," in ji ta, don haka take kirana, "me ya same ki?"

Na ce, "Rana ta tsaya."

"Yanzu fa?"

Na dubi hasken da ya shigo ta ƙofa, na ce, "Ta tashi."

Ta gyaɗa kai kamar na faɗa mata farashin gishiri, ta ci gaba da kaɗinta.

Goggo kuwa abin da ya faru ya ƙara mata ƙarfi. Ta ce wannan ya wuce tarbiyya, akwai wani abu a jikin yarinyar, a Gumel akwai masu magani, kuma tafiya ba fashi. Washegari bayan azahar, tana zaune tana goga furenta, Baba yana tufka, sai Iya ta fito da tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida. Goggo ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta ma cika yi mata magana kai tsaye ba. Baba kuwa shi ne autanta, yadda ta ga dama take juya shi.

"Auta," in ji ta, "zo ka zauna nan. Ka gaya wa yayarka ita ma ta zo."

Suka zo suka zauna. Iya ta miƙa hannu ta karɓe kabar Baba, ta karɓe carbin da yake aljihunsa. Ta ce ya gaya wa yayarsa ta ajiye fure, ta tofar da goron.

"Iya, lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya lau. Yarinya za ku ɗauka ku koya mata zama, na ce bari in ga zaman malaman tukuna. Ku ɗora hannu a gwiwa. Ba magana, ba motsi, sai inuwar rumbun can ta taɓa turmi. In ta taɓa, ku yi yadda kuka shirya, ba zan ce uffan ba."

Goggo ta ce, "Iya, ai mu ba yara ba ne."

"Auta, gaya mata shi ya sa zai yi mata sauƙi."

Ina leƙensu daga ƙofar ɗakin Iya, hannuna a cikin gero. Tsakanin inuwar da turmin bai fi taku ɗaya na babba ba. Da farko suka zauna ƙyam, Goggo har da ɗaga haɓa. Ba a jima ba na ga yatsun Baba sun kama bakin rigarsa sun fara murzawa, Iya ta miƙa mazari ta ƙwanƙwasa masa. Can sai ƙafar Goggo ta fara rawa a ƙarƙashin zane, Iya ta yi gyaran murya, ƙafar ta tsaya, sai harshenta ya shiga zagaya haƙora yana neman goron da babu. Baba ya dubi inuwa, ya dubi sama, ya sake duban inuwa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, mutumin da yake yini a gona bai ce ya gaji ba. Inna ma ta daina abin da take yi, gidan ya yi tsit, sai kukan ragon nan. Da abin ya ishe shi ya ce, "Iya, yau rana tsayawa ta yi ne?"

Iya ta ajiye mazarinta. Ta ce, "Haka ita ma ta ce mini jiya. Kai ka ga inuwa da idonka, ka san za ta iso, kuma ba a ɗaure ka ba."

Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi tsumman da aka ɗaure mini ciwo da shi. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon gefen kunnensa, don ban iya haɗa ido ba. Sannan ya gyara zama ya fuskanci yayarsa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ki yi mini afuwa. Cikin ƙannenta duk wadda kike so, in ta tasa, taki ce. Wannan dai a bar ta a nan."

"Hana ni ka yi ke nan."

"Roƙonki na yi."

Goggo ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta shige ɗaki. Na san abin da wannan magana ta ci wa babana, domin bai taɓa musa mata ba tun da aka haife shi. Washegarin Sallah ta hau motar Gumel, ko naman da aka soya mata ba ta ɗauka ba, damina ta zo ta wuce ba ta tako garinmu ba. Baba ya yi ta aike ana dawo masa da shi. Ni kuwa na yi sallar nan da hannu ɗaya ja wur, ɗaya fari da tsumma, yara suna ta tsokanata, raina fes.

Daga baya sun shirya, kamar yadda 'yan'uwa suke yi ba tare da an zauna an ce an shirya ba. Goggo ta ɗauki ƙanwata, wadda ta ji daɗin Gumel har ta riƙa yi mana yanga in ta zo. Ni na girma a gida, aka ba hannuna abin yi. Daka ta zama tawa, don taɓarya tana sauka tana tashi daidai yadda jikina yake so, in na kama surfe sai an ce mini ya isa. Tsintar wake, sussuka, jan guga, duk ayyukan da 'yan mata suke gudu ni nake nema. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, sau da yawa nakan daka gero ya wuce yadda ake so, Inna ta yi ta faɗa. Ban kuma daina rausaya ba, mutane ne suka gaji da gani. A garin da kowa yake lilo a bakin turmi, wadda ta ɗan zarce ba ta cika fita daban ba. Yanzu inji ya karɓi daka, igiya ta roba ce ake sayowa a kasuwa, famfo ya kashe guga, tsakar gida duk an shafe da siminti. Ban ce a koma wahala ba, bayana ya huta, ina godiya. Amma yaro irin jikata ba shi da aikin da zai ɓuya a ciki, duk motsin da ya yi a fili yake. Shi ya sa da ɗana ya zo shafe gidan nan na sa sandata a kusurwa ɗaya na ce nan ban yarda ba, aka bar mana rairayinmu ni da ita.

Maganar Goggo cewa ba mai kawo kayan gaisuwa ma ba ta tabbata ba. Wani mai sayar da kanwa daga wajen Maigatari, mutum mai sanyin hali da ba ya son yawan surutu, ya ga ni ma ba na so, muka daidaita. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa da aka sa rana, shi ne lalle. Amarya ba ta tsallake ƙunshi, hannu biyu da ƙafa biyu, kuma a al'ada goggon amarya ce take tsayawa a kai. Tun daga waccan Sallah ba a sake ɗaure mini hannu ba. Iya ta riga ta rasu, Baba kuwa namiji ne, ba shi da ta cewa a cikin sha'anin mata. Ban gaya wa kowa ba, amma abinci ya daina shiga mini.

Ranar ta zo, ɗaki ya cika da mata, ga guɗa, ga turare, ga zafi. Aka zaunar da ni a tabarma aka lulluɓe ni. Goggo ta shigo, ta tsufa, haƙoran sun ragu amma furen yana nan. Ta zauna a gabana ta jawo kwanon lalle, ta kama hannuna na hagu ta shafa, ta naɗe, ta zura a zunguru. Wata daga cikin dangin ango ta kamo hannuna na dama tana miƙa mata, sai Goggo ta buge hannun matar.

"Sake shi," in ji ta. "Ɗaya-ɗaya ake yi mata. Wannan sai gobe."

Matar ta ce ba a taɓa yin haka ba, ga masu ɗaukar amarya sun sa lokaci, kwana guda za a ƙara ke nan.

Goggo ta gyara furenta a baki, ta ɗauki hannuna na dama ta ɗora mini a cinya, ta ja mayafi ta rufe shi yadda zai yi abin da yake so ba mai gani. Ta ce, "Su jira. Ni na san abin da na zauna na ji a tabarmar Iya."